Kunkurun da Ya Cinye Mana Ɗorawa

Injin yankan ciyawa ne ya ja mana asarar ɗorawar gidanmu. Ba ni ba ne. Duk wanda ya ce maka ni ne, daga bakin Hamma ya ji, shi kuwa Hamma Bafillace ne, maƙwabcin gonarmu, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗa baki a kan magana ɗaya ba.

Sunana Inuwa, a Balan nake zaune. Ƙanena Muhammad Bashir yana aiki a Abuja. Da Allah ya buɗa masa, sai ya gina gida a gonar gadonmu da ke kan hanyar Gaya, ya haƙa burtsatse, ya kafa sola, ya damƙa mini makulli. A bayan gidan kuma ya shuka ciyawa. Ciyawa dai, wadda ni na ƙare ƙuruciyata ina nomewa. Tasa wai ta ado ce, har ban ruwa ake yi mata.

Katanga ta zagaye gidan ta ko'ina ban da gabas, inda muka yi iyaka da Hamma. Ni na hana a ja ta. Akwai layin gamba a wurin, wadda kowa yake cewa ita ce iyaka. Ɗorawa tana ɓangarenmu, da kalwarta matata Amarya take yin daddawa. Aduwa kuma tana can bayan gambar, ɓangaren Hamma, amma ni na san tamu ce, domin a gindinta babanmu yake ɗaure jakinsa. Na kai wa mai unguwa Baffa wannan magana ya fi a ƙirga. Kullum sai ya ce in kawo jakin ya ba da shaida.

Ni nake yanke ciyawar da lauje ina kai wa ragunana, kowa yana cin riba. Farkon damina Muhammad Bashir ya zo hutu, ya tsaya ya ƙare wa filin kallo.

"Yaya, wannan ai kamar kan yaron da ɗan koyo ya yi wa aski."

"Raguna ba su yi ƙorafi ba."

Ya zaro waya ya nuna mini hoto. Wani abu ne kamar kunkuru, mai ƙafafun taya, wai shi kaɗai yake yawo yana aske ciyawa, in ya ji yunwa ya koma ɗakinsa ya sha wuta. Ya ce iri biyu ne, in taya shi zaɓa tunda ni zan zauna da shi. Na farko sai an binne masa waya a ƙasa, an zagaye filin, in ya zo kan wayar ya juya.

"Wayar tagulla?" na tambaya.

"Ina jin haka."

"A nan? Kafin ka isa Wudil 'yan jari-bola sun tone ta sun auna."

Gaskiya na faɗa, amma ba ita kaɗai ce a raina ba. In aka binne waya a gindin gamba, shi ke nan an binne maganar aduwa.

"To na biyun fa?"

"Shi ba ruwansa da waya. Sanda ake kafa masa, tana magana da tauraron ɗan'adam. Ranar farko sai a zagaya da shi a nuna masa iyaka, ya haddace. Ba ya mantuwa har abada."

"Wa yake nuna masa?"

"Mai wuri mana."

Na ce a sayi wannan, shi ne mai hankali.

Ranar da aka kawo shi, Hamma ya tafi kasuwar Gaya da bijiminsa. Allah ne ya tsara haka, ba ni ba. Muka kafa sanda, Muhammad Bashir ya riƙe wayarsa ta hannu yana tuƙa kunkurun, ni ina gaba ina nuna hanya. Gambar lokacin ta fara tofowa, ko idon sawu ba ta kai ba. Na tsallake ta na miƙe.

"Yaya, ba nan ce iyakar ba?"

"Kai da ka bar garin nan da gajeren wando, kai za ka nuna mini gonar ubana?"

Ya ci gaba da tuƙi. Na ɗaga kunkurun na tsallakar da shi, muka zagaya ta bayan aduwa muka dawo. Ya haddace. A raina na ce yau na samu shaidan da ya fi jaki.

Washegari mai gida ya koma Abuja, aiki ya fara. Ashe kunkurun ragon banza ne. Da ya zo kan tushen gamba sai cikinsa ya hau, tayoyi na juyawa a iska, ya kama kuka ɗit ɗit ɗit kamar ɗan tsako. Bai tsaya nan ba, har ƙara yake kaiwa Abuja. Ina tsakiyar noma waya za ta yi ƙara.

"Yaya, ya maƙale."

In ajiye fartanya, in hau keke, in je in ɗaga shi. Kafin in koma gona: "Yaya, ya sake maƙalewa."

Mutum mai iyali ba zai ƙare damina yana renon inji ba. Na ɗauki magirbi na tone tushen gambar nan kakaf, daga farkon layi har ƙarshe, na cike ramukan, na daddaɓe. Amarya ta kawo mini fura ta tarar ina cinna wa tushen wuta.

"Malam, gambar iyaka ce fa."

"Hanya nake gyara wa baƙo."

"To, Allah ya sa baƙon ya san mutunci."

Daga ranar kunkurun bai sake kuka ba. Kullum da hantsi sai ya fito daga ɗakinsa, ya wuce ɗorawa, ya ratsa inda gamba take da, ya kewaya aduwa, ya dawo. Ni kuwa in zauna a inuwa ina kallonsa kamar ɗana ya sauke karatu. Yaran unguwa suka sa masa Kunkurun Alhaji.

A tsakanin gamba da aduwa, Adama matar Hamma ta shuka yakuwa da rama. Sun ɗan ɗago kai kenan kunkuru ya bi ta kansu. Ta shuka wasu, ya sake bi. Ranar da ta kama shi a kai, ta jefe shi da takalmi, ya kauce wa takalmin ya ci gaba da aikinsa.

"Malam Inuwa! Wannan shaiɗanin naka ya cinye mini miya!"

"Ba nawa ba ne. Kuma shi ilimi gare shi, daga sama ake gaya masa iyaka. Ki kai ƙarar tauraro."

Na zaci Hamma zai zo da faɗa, har na shirya masa amsoshi. Da la'asar sai ga shi, sanda a kafaɗa, hannaye rataye a kanta. Ya tsaya ya daɗe yana kallon kunkurun.

"Kaɗo, wannan dabbar taka me take ci?"

"Rana."

"Ikon Allah. Tana haihuwa?"

"In ta haihu na ba ka ɗa, ka huta da bin shanu."

Ya yi dariya. Ya dubi ƙasa, ya dubi gabas, ya dubi yamma.

"Ina gambar?"

"Ka tambaye shi."

"To, madalla," in ji shi, ya juya ya tafi.

Na koma gida na gaya wa Amarya Bafillace ya sallama. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin Hamma ya ce madalla an ƙare lafiya ba.

Hamma bai sake tayar da maganar ba. Ruwa ya yi ta sauka, ciyawar ado ta yaɗu ta rufe wurin da na tone, har ni kaina in na tsaya ba na gane inda layin yake. Sai da ƙasa ta zama shimfiɗa ɗaya, sannan wata safiya na zo na tarar da shanun Hamma da garma a cikin filin, wai zai shuka wake. Ya ja kunya tun daga gonarsa, ya wuce aduwa, ya wuce ɗorawa, yana neman bakin burtsatse. Kunkuru ya fito a kan lokacinsa, ya miƙe hanyar da ya haddace, ya faɗa kwarin kunya, ya kife. Tayoyi sama. Waya ta yi ƙara a aljihuna.

"Yaya, wai ya kife."

Kafin azahar mai unguwa Baffa ya iso da dattawa. Na ce Hamma ya shigo mana gona. Hamma ya ce shi noma yake a hankali, yana jira ya ga gamba ya tsaya, bai gani ba.

"Ina gambar, Inuwa?" in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, zamani ya wuce gamba. Ga inji nan, a tashe shi ya nuna iyaka. Da tauraro yake magana, ba ya ƙarya, ba ya karɓar goro."

"Wa ya koya masa?"

Na ce wannan ba ita ce tambayar ba. Ya ce a kira mai gidan. Aka sa waya a fili kowa yana ji, ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya ya buɗe baki ya ce, "Yaya ne ya nuna masa, ranka ya daɗe." Boko ba ta koya wa mutum zumunci.

"Shi injin ne ya riƙe magirbi ya tone tushen?" in ji mai unguwa.

"Taimaka masa na yi. Maƙalewa yake."

Dattawa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Mai unguwa ya ce tun kakanni a unguwar nan, wanda ya cire iyaka ba shi yake nuna inda take ba. Maƙwabcinsa ne yake nunawa, kuma inda ya nuna nan ce.

Hamma ya sauke sandarsa. Ya ce a yi masa haƙuri, idonsa ya fara rauni. Ya taka a hankali yana dube-dube, ya wuce inda gambar take da, na yi gyaran murya, bai ji ba. Ya zagayo ta bayan ɗorawa, ya ja layi da sanda, ɗorawa ta faɗa ɓangarensa.

"Ƙarya ne!" na ce. "Ɗorawar nan tamu ce, kowa ya sani!"

"Ni dai na tuna," in ji Hamma, "a gindinta babana yake ɗaure saniyarsa."

Mai unguwa bai ce a kawo saniyar ba. Na lura da wannan, kuma har gobe ina riƙe da shi.

Ni aka sa na nemo sabuwar gamba na dasa a kan layin Hamma, da hannuna, yana tsaye yana gyara mini inda na karkace. Muhammad Bashir ya aiko magina suka ja katanga. Kunkurun da aka ce ba ya mantuwa har abada, danna waya ɗaya aka yi ya manta da aduwa, ya haddace sabuwar iyaka ba ko musu. Yana nan yana aikinsa, lafiyarsa ƙalau. Ragunana ma ba sa samun komai, don niƙe ciyawar yake ya bar ta a ƙasa.

Da bazara ɗorawa ta yi 'ya'yan da ban taɓa ganin ta yi ba, rassa har suna leƙo mana ta kan katanga. Adama ta kaɗe abinta. Amarya ta yi ta zuba mini miya ba daddawa, in na yi magana ta ce in tambayi tauraro. Na ce ta je wurin Adama ta samo kalwa. Ta ce ba ita ta gyara wa baƙo hanya ba, ta miƙo mini ƙwarya.

Da furfurata na je ƙofar Hamma na yi sallama, ina roƙon kalwar bishiyar ubana. Ya cika mini ƙwaryar har tana zuba, ya rako ni bakin hanya, ya ce in gaida masa da kunkuru.