Hirar da Ta Hau Bango

Wata bakwai Sharhabil ya yi yana gina manhajar nan, kuma a cikin watannin nan bakwai ne son Maijidda ya gama cinye shi, har ya zama in an tambaye shi wanne ya fara shiga ransa sai ya yi murmushi kawai.

Ɗakinsa yana zauren gidansu ne a Mando, inda jiragen sojan sama kan wuce su girgiza gilashin taga. Tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya mai allo biyu, sai wata ƙatuwar talabijin a bango. Duk mai buga ƙwallo a kwamfuta ya san wahalar da ke tsakanin tebur da bango: a cire wannan waya, a soka waccan, hoto ya zo sauti ya ƙi, sauti ya zo hoto ya karkace. Shi ya sa ya rubuta manhajar, ya raɗa mata suna Sauyi. Da dannawa ɗaya allunan tebur za su mutu, duk abin da ke kansu ya koma talabijin, sauti ya bi shi, kibod da maus su kulle don kada masu wasa su yi ɓarna. Da zarar ta ji an haɗa fad, abin nan da ake riƙewa a buga wasa, sai ƙwallo ta buɗe ta rufe komai. Gidajen wasan gem huɗu ke amfani da ita, daga Kawo har Rigachikun, kuma yakan faɗi wannan adadi da irin muryar da wasu ke faɗin yawan 'ya'yansu.

Abu ɗaya ya tsaya tsakaninsa da Maijidda. Mahaifinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, aurenta ya koma hannun ƙanen mahaifin, Kawu Ila, mai shagon atamfa a Babbar Kasuwa. Labari ya kai wa Kawu cewa yaron nan wasa yake yi da kwamfuta tun safe har yamma. Maimakon ya tura a yi bincike a unguwa yadda aka saba, sai ya ce shi da ƙafarsa zai zo ya ga sana'ar, ranar Asabar bayan la'asar. In ta gamsar da shi, a sa rana. In ba ta gamsar ba, magana ta ƙare.

Tun hantsi Sharhabil ke gyaran ɗaki. Ya share, ya goge, ya kunna turaren wuta, ya jera littattafai inda ido zai fara sauka. Da ya kalli fad guda biyu a kan kujera, ja da baƙi, sai kunya ta kama shi. Yaya dattijo zai shigo ya tarar da kayan wasa? Ya ƙunshe su a leda ya miƙa wa yayarsa Hassana, ya ce ta ɓoye masa su can cikin gida. Ta yi masa tsiya, ta ce ango ya fara ƙarya tun kafin a kai goro, sannan ta tafi da su.

Ana sallame la'asar ya dawo ya zauna yana hira da Maijidda a rubuce a allo na biyu. Shi ya fara tsokanar, ya tambaye ta yadda ake lallashin tsoho mai taurin kai irin kawunta, har ya kwatanta tafiyar Kawun da ta agwagwa. Ta biye masa don ta kwantar masa da hankali. Suna cikin haka ya ji sallama a ƙofa. Ya zabura, ya danna maɓallin kashe allon da yatsa, allon ya yi baƙi, ya fita da sauri. Hirar kuwa tana nan a buɗe a bayan baƙin.

Kawu Ila doguwar halitta ne, gemunsa baƙi ƙirin fiye da shekarunsa. Tare da shi akwai abokinsa Malam Yahaya, malamin Islamiyya, mutum mai sanyin magana. Suka zauna a kujeru biyun da ke ƙarƙashin talabijin, Sharhabil ya durƙusa a ƙasa ya gaishe su, ya sake gaishe su. Hassana ta aiko da zoɓo mai sanyi da cincin. Kawu ya ɗauki rimot daga hannun kujera yana jujjuya shi, yana murza shi da babban yatsa kamar mai gwada ingancin yadi.

Sharhabil ya yi bayani, kuma ya yi kyau. Ya faɗi gidaje huɗun, ya faɗi wani otal da ke son manhajar don ɗakin taro. Malam Yahaya yana gyaɗa kai. Har Kawu ya ce a nuna masa ya gani. Suka juya kujerunsu suna fuskantar bango, Sharhabil ya matsa kan gwiwoyinsa zuwa tebur, ya yi bismilla a zuci, ya danna.

Allon tebur ya mutu. Talabijin ta kawo haske. Hirarsa da Maijidda ta bazu a bango, kowane harafi kamar tafin hannu, a ƙasa kuma wani ɗan rubutu da shi da kansa ya tsara yana cewa ana jiran fad.

Ya daki kibod. A kulle. Ya ja maus. A kulle. Aikinsa ne, kuma yana aiki yadda ya gina shi, ba kuskure ko ɗaya. Soket ɗin yana bayan kujerar Malam, kafin ya kai gare shi sai ya tsallake ƙafafun dattawa biyu. Ya yunƙura duk da haka.

"Zauna, ɗana," in ji Kawu Ila, bai ko kalle shi ba. Rimot ɗin yana cikin tafinsa.

Ya zauna. Tarbiyyar shekara ashirin da bakwai ta danne masa kafaɗu.

Kawu ya ciro tabarau ya goge da bakin riga, ya fara karantawa a bayyane, a hankali, yana ba kowace kalma haƙƙinta. Tsokanar Sharhabil ta riga ta haye sama ta ɓace, abin da ya rage a bangon maganar Maijidda ce. Ta rubuta cewa kada Kawu ya ba shi tsoro, rinin gemunsa ne kaɗai ke da ƙarfi. Ta rubuta cewa tun da Baba ya rasu yake zuwa gidansu cikin babbar riga yana yanke hukunci, alhali wata uku Baba ya yi a gadon asibiti, sau ɗaya tak ya leƙa shi, shi ma a tsaye. A ƙarƙashi akwai amsar Sharhabil, fuskokin dariya guda uku.

Malam Yahaya ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali wannan sirrin yara ne, bai dace a karanta ba. Kawu ya ce shi bai buɗe wayar kowa ba, bango ne ya nuna masa. Ya sake karanta layin asibitin. Sannan ya ciro wayarsa ya ɗan latsa, kamar mai duba lokaci, ya kife ta a kan gwiwa.

Ya juyo da fuska a sake, har da ɗan murmushi. Ya ce shi ba ya fushi da yaro mai sana'a, sana'ar kuwa ya gani da idonsa. Tambaya ɗaya ce gare shi, kuma amsarta ce za ta raba gardama.

"Kai ka koya mata wannan, ko da shi ka same ta?"

Sharhabil ya ji ɗakin ya matse. Ya ga wata bakwai suna zamewa daga hannunsa, ya ga Maijidda a gidan wani, ya ga kansa yana wucewa ta layinsu a Badarawa ba shi da dalilin tsayawa. Ga ƙofa an buɗe masa, 'yar ƙarama, kuma maganar agwagwa ba ta bangon. Ya gaya wa kansa cewa don ita zai yi, daga baya zai yi mata bayani su yi dariya.

"Wallahi Kawu da shi na same ta. Na sha yi mata faɗa. Bakinta ne haka, ba ta da ta-ido. Dariyar nan ma ta takaici ce."

"Ɗaga murya. Kunnena ya tsufa, ba a rina shi."

Ya ɗaga. Ya maimaita, ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba, ya ce rashin uba ne ya sangarta ta, amma in aka ba shi ita zai gyara ta cikin wata guda.

Kawu Ila ya gyaɗa kai kamar wanda aka gama yi wa ciniki mai daɗi. Ya juyo da wayar. Allonta na haske, sunan Maijidda a jiki, daƙiƙu suna tafiya, minti biyu da wani abu.

"Maijidda, kina ji?"

Ana jin ƙarar famfo yana zuba a bokiti can gidansu, sai aka rufe shi.

"Ina ji, Kawu."

"To madalla. Na ba shi ke, ga Malam shaida. Yaro ne mai hankali, ga sana'a, ga shi zai gyara mana ke. Sai ku zaɓi watan biki."

Sharhabil ya buɗe baki ya kira sunanta, muryar ta fito kamar ba tasa ba. Da kawunta ta yi magana, kuma muryarta ba ta rawa ko kaɗan, abin da ya fi komai yanka shi.

"Kawu, ka yafe mini abin da na rubuta. Ni na rubuta, ba wanda ya riƙe mini hannu. Amma aurensa na fasa."

Kawu ya ce ta yi tunani, kada ta yi gaggawa, irin wannan miji ba a samunsa kullum. Yana faɗa yana kallon Sharhabil. Ta ce ta gama tunani, ta yi masa sallama cikin ladabi, ta kashe.

Kawu Ila ya ɗauki kofinsa ya shanye sauran zoɓon, ya yaba wa wadda ta haɗa, ya ce citta ta ji daidai. Ya ajiye rimot a hannun kujera ya miƙe yana gyara riga. Ya ce shi dai kowa ya shaida bai hana ba. Malam Yahaya ya tashi bai kalli kowa ba, leɓɓansa na motsi.

Baƙo ba ya fita shi kaɗai, balle dattijo. Sharhabil ya sa takalmi ya bi bayansu har bakin titi, taku biyu a baya, hannuwansa a haɗe. Rana ta yi sanyi, masu gasa masara sun fara hura wuta. Ya tsaya ya tare musu keke napep mai zuwa Kawo, ya riƙe wa Kawu gefen babbar riga don kada ta taɓa taya, ya rusuna.

"Allah ya kiyaye hanya, Kawu. A gaida gida."

"Za su ji," in ji Kawu Ila.