Hatimi na Tara

A ƙauyen Shimodani ba a ɗaga hannu a wajen taro. Idan magana ta shafi dajin gari, takarda ake maƙalawa a jikin allo ta bi gida-gida, wanda ya yarda ya buga hatiminsa da jar tawada. Gidaje goma sha uku suka rage a ƙauyen, kuma hatimi tara ake nema kafin a bai wa wani kamfani gangaren dutse ya sare itatuwan ya shimfiɗa farantan sola. Kafin Laraba an samu takwas.

Sadaji bai buga ba, ba kuma zai buga ba. A dajin nan yake saran itacen ubame yana ƙona gawayi tun yana ɗan shekara sha biyar, ga shi yau yana da saba'in da huɗu. Sai dai shi ya ɓata rawarsa da tsalle. Ranar taro, maimakon ya yi maganar daji, sai ya miƙe ya ce ɗumamar duniya tatsuniyar 'yan birni ce, zafi da sanyi zuwa suke su wuce tun zamanin kakanni, ɗan Adam bai isa ya ɗumama ko rafi ba, balle duniya. A gaban mutanen da zafi ya lalata wa shinkafa shekara uku a jere ya faɗi haka. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai, wannan kuwa ya fi dariyar yi masa ciwo.

Mai yawo da allon bana Kinue ce, ƙanwar matarsa marigayiya, tsohuwar malamar makaranta mai baki kamar reza. Nata hatimin ta bari sai ƙarshe. Da hantsin Alhamis ta hau har wajen tanderunsa, allo a hammata, tana haki.

"Sarkin hayaƙi, ana nan ana dafa mana duniya?"

"A'a, Malama! Ita motar da kika ajiye a gindin dutse shayi take sha?"

"Taurin kan nan naka, Yaya ta sha fama da shi. Ka saurare ni. Sola rana ce, ba ta ƙarewa. Kai kuwa sara kake kana ƙonawa. Me ya raba ka da mai haƙar kwal?"

Maganar ta soke shi. Ya kakkaɓe tokar hannunsa ya ce, "Ajiye allon nan ki biyo ni."

Suka yi ta hawa, yana gaba tana baya tana yi wa gwiwoyinta mita, har suka iso wani tsohon kututture mai faɗin tabarma, rassa bakwai sun miƙe daga jikinsa.

"Ƙirga tabon, ke da kika iya lissafi."

Ta duƙa ta ƙirga. "Shida."

"Kakana sau biyu, babana sau ɗaya, ni sau uku. Duk shekara ashirin. Wanda ya kai kaurin damtse shi ake ɗauka, sirara a bar su. A sara ƙasa-ƙasa, a karkace, don kada ruwa ya kwanta ya ruɓar da shi. To faɗa mini, ramin kwal yana toho? Hayaƙin da na tura sama, ba ganyen nan ke sake shanye shi ba? Ke kika koya wa yara haka, ni ban yi boko mai nisa ba."

Kinue ta miƙe tsaye. Rassan take kallo, ta shafa ɗaya da ya isa sara.

"Wannan ai ya kai. Yaya takan fara ɗaure maka abincin daji tun farkon Nuwamba. Yau ashirin da takwas ga wata, ban ga sabon sara ko ɗaya ba."

Sadaji ya kawar da kai. Doka ce da ya gada: ba a sa gatari sai raɓa ta daskare safiya uku a jere, lokacin ruwan itace ya koma saiwa. Wanda ya yi gaggawa ya kashe kututture.

"Raɓa ba ta daskare ba tukuna," in ji shi.

"Bara fa?"

"Tsakiyar Disamba."

"Zamanin babanka?"

Ya zauna a kan dutse, tsufansa duk ya fito. "Na sani, Kinue. Na riga ku sani, tun kafin a fara faɗa a talabijin. Amma in na yarda mutane ne suka jawo, wa za a fara nuna wa yatsa a garin nan? Mai hayaƙi. A ce aikin da na yi shekara hamsin da tara ɓarna ne."

Tsoro ne ya sa shi musu, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Tausayinsa ya kama ta, har ta ji kunyar abin da ta ce masa a bakin tanderu.

Ta daɗe tana kallon ƙetaren kwari. Can ga gonakin shinkafar mijinta hawa-hawa, rana na dukansu tun safe har yamma. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, ciyawa ta cinye su, ta kuma hana kowa taɓawa.

"Wutar lantarkin ma muna buƙatarta, kada ka ɗauka ka yi nasara," ta ce. "Zan ba da gonakin can a sa farantan. Ba su kai rabin dajin ba, wataƙila kamfani ya yi tsaki. Amma da sharaɗi. Ranar Lahadi ka miƙe ka faɗa wa mutane abin da ka faɗa mini."

"A gaban Goro, wanda ya fi kowa ƙyaƙyata mini?"

"A gabansa. Ni na ba da gonar mijina, kai ba za ka iya ba da girman kanka ba?"

Ranar Lahadi Sadaji ya miƙe a ɗakin taro. Ya rusuna har ƙasa, ya ce ya yi kuskure, duniya tana ɗumi kuma da hannunmu a ciki. Ya ba su labarin raɓa, ya ba su labarin kututture mai tabo shida. Babu wanda ya yi dariya. Kinue ta faɗi nata tayin.

Sai Goro ya yi gyaran murya. "Ni ma ina da gona uku da ban noma ba tun da bayana ya ƙi. A haɗa da su." Tsohuwa Tome, wadda ta girmi kowa a ƙauyen, ta ce a haɗa da nata biyu, ita dai a bar mata dajin da take tsinto naman kaza mai tsirowa a gindin itatuwa. Kafin shayi ya huce an ajiye maganar saran daji, an zaɓi mutum biyu su je su sami kamfani da sabon tayi.

Kinue ta matso kusa da shi ta raɗa masa, "Ashe wuyan nan naka yana lanƙwasuwa. Da Yaya ta ga wannan rana!"

Sadaji ya buɗe baki zai rama, kamar yadda ya saba shekara arba'in. Maimakon haka, sai ya sa hannun riga yana share ido.