Amin Ɗin Da Ya Maƙale

Da Filibus ya fita sallama, ya zaci kukan mahaifiyarsa ne zai fi yi masa wuya. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba.

Cocinsu ne zai tura shi aikin bishara can cikin ƙasar Chadi, tafiyar shekaru, wurin da wanda aka aika kafinsa jakar kayansa kawai aka dawo wa matarsa da ita. Filibus haifaffen Wudil ne. A kogin garin ya koyi iyo, abokan ƙuruciyarsa kuwa kaf Musulmi ne. Ya san mai doguwar tafiya ba ya sulalewa kamar ɓarawon kaza. Sai ya bi mutane ya nemi gafara, a yi masa addu'a, ya amsa da amin.

Bayan la'asar ya isa majalisarsu, gindin darbejiya kusa da gada, inda ƙamshin soyayyen kifi ke hana mai yunwa sakat. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Garzali mai gyaran babur ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya'u tela ma haka ya ce, idonsa a ƙasa. Ba wanda ya ce Allah ya ba da sa'a, maganar da ake yi wa ko mai kai akuya kasuwa ranar Juma'a. Filibus bai ga laifinsu ba. Wa zai roƙa maka sa'ar raba mutane da addinin da shi kansa yake bi? Amma sanin dalili ba ya hana abu ciwo, kuma ya ji ciwon sosai.

Amininsa Tasi'u kuwa ko uffan bai ce ba, alhali dominsa aka zo. Kwano ɗaya suka ci tun suna yara. Ranar da baban Filibus ya rasu, Tasi'u ya tuɓe riga ya shiga haƙar kabari, masu tsegumi suna yi har suka gaji. In wannan mutumin ya bar shi ya tafi babu addu'a, to ko ya dawo da rai, baƙo zai dawo.

Filibus ya miƙe zai tafi. Sai Tasi'u ya zura takalmi ya ce, "Mu je in taka maka."

Suka hau gada, manyan motoci na wucewa tana girgiza a ƙarƙashinsu. A tsakiya Tasi'u ya tsaya.

"Mutanen da za ka je wurinsu, suna salla?"

"Wasu suna yi," in ji Filibus.

Tasi'u ya juyo ya dube shi. "Duk abin da ke tsakaninmu na yafe maka. Ni ma ka yafe mini."

"Ba ka yi mini komai ba. Na yafe."

"Na san addu'a kake jira. To ni ba zan yi maka ƙarya ba, balle in yi wa Ubangijina." Tasi'u ya ɗaga hannuwa. "Allah ya kai ka lafiya."

"Amin."

"Allah ya tsare ka daga bindiga, da ciwo, da sharrin mutum."

"Amin, amin." Filibus ya ji ƙirjinsa ya fara sakewa, hannunsa na taɓa goshi.

"Allah ya dawo mana da kai da ranka, hannu rabbana, ba ka samu ko mutum ɗaya ba."

Hannun Filibus ya riga ya kama hanyar goshi, sai ya tsaya a iska. Ba mugunta a fuskar Tasi'u, idanunsa ma sun yi jajur. Iyakar abin da zai iya bayarwa ke nan, kuma da zuciya ɗaya ya bayar. In Filibus ya ce amin, ya roƙi aikinsa ya lalace tun bai fara ba. In ya yi shiru, ya mayar wa amininsa da addu'arsa.

Tasi'u ya jira, ya ƙara jira. Da ya ga bakin Filibus bai motsa ba, sai ya shafa addu'arsa shi kaɗai, ya ce, "To, a nan zan tsaya." Ya juya ya nufi gari.