Ranar da Aka Hana Reza Taɓa Wuƙarsa

"Ba tina, ba fetur, ba wuƙa," in ji Mai Burodi, tana nuna shi da yatsan da fulawa ta yi wa fari. "In ka taɓa ɗaya daga ciki, wuƙar nan ta zama tawa."

"In kuma na gama ban taɓa ba fa?"

"Burodi mai zafi kullum da safe, har haƙoranka su ƙare."

"Kin iya ciniki, ƙanwata. Ai kin leƙa bakin kin ga saura ƙiris. To, na yarda."

Mijin yayarta ne, mai aikin gilashi da tagogi. Kowa Reza yake ce masa, saboda wata 'yar wuƙar kankara mai ƙotar katako da maigidan da ya koya masa sana'a ya bar masa. Yana iya mantawa da hularsa a gidan mutane, ya ma taɓa mantawa da matarsa a tasha, amma wuƙar nan ba ta taɓa kwana nesa da aljihunsa ba.

Aikin kuwa na akwatin gilashin da take jera kek ne, mai sanyi a ciki. Gilashin gabansa lanƙwasasshe ne, irin wanda aka daina kawowa, in ya fashe shi ke nan. Gam ɗin silikon da ya riƙe shi da ƙarfe ya tsufa, ya yi baƙi, sanyi yana zurarewa ta gefe. Kuma sabon gam ba ya kama kan tsoho, sai an cire na dā tas.

Da Reza aka bari, ƙofa zai rufe, ya jiƙa tsumma da tina, ruwan nan mai ƙarfin wari da ake tsinka fenti da shi, ya yi ta dirza yana bi da wuƙa. Gam ɗin ba narkewa yake yi ba, ɗan kumbura kawai yake yi, mai dirzar ne yake narkewa. Aikin da ya yi na ƙarshe, warin tina ya juya masa kai, da ya koma gida sai da ya tsaya ya gaida firji, ya tambaye shi iyali. Matarsa ce ta kai wa ƙanwarta labari. Ga shi kuma a nan bango ɗaya ne tsakanin akwatin da murhun gashi, tina da fetur kuwa ba sa shiri da wuta.

Mai Burodi ta kwashe kek da burodi ta kai ciki, ta wangale ƙofa da taga, sannan ta dire masa wata robar man cire gam da ta sayo a shagon kayan gini, da safar hannu, da makankari na roba. Ya buɗe, ya shinshina. Abu ne mai kauri kamar man kitso.

"Wannan ai ƙamshin lemo yake yi. Shafawa zan yi ko lasa?"

"Lasa mana, Yaya, in yayata ta gaji da kai. Sa safar nan, ba a taɓa shi da hannu."

"Maganin da bai sa ido hawaye ba, ta ina zai yi aiki?"

Duk da haka ya bi yadda mai shagon ya faɗa mata. Ya rage kaurin gam ɗin da makankarin roba yana tsaki, ya laɓta man a kan abin da ya saura, ya rufe da leda don kada iska ta busar da shi.

"Sai me?"

"Sai ka zauna."

Nan ne fa gizo yake saƙar. Reza ya iya hawa tsani da gilashi a kafaɗa, amma bai iya zama ba. Bai gama ɗumama kujerar ba ya tashi ya ɗaga gefen leda ya leƙa. Ya koma. Ya sake tashi ya ɗaga ɗaya gefen, ya ɗan tsokana da yatsa. Kafin ta fito da gashin farko, ledar duk ta saki, man ya bushe ya yi ɓawo, gam yana nan daram.

"Kin gani ko? Ƙamshi kawai kika saya."

"Tukunyar da ake buɗewa kowane lokaci, yaushe za ta nuna?"

Ta shiga ciki. Shi kuwa hannunsa ya tafi aljihu da kansa, kamar akuya ta ga ƙofar gida. Ƙotar ta zauna a tafinsa. Wuri kaɗan ne a lungu, ja ɗaya zai ɗaga shi, ba wanda zai sani. Har ya fara zaro ta, sai ya hango fuskar Mai Burodi a jikin gilashin, tana tsaye bayansa da faranti.

"Fito da ita mana, Yaya. Na ma tanadi ƙusar da zan rataye ta."

"Susa nake yi."

"Allah Ya sawwaƙe. Ƙaiƙayin aljihu mugun ciwo ne."

Ya sake shafa man, ya sake rufewa. Wannan karon ta juya kujerarsa ta ba akwatin baya. Da ta ga ƙafarsa tana rawa, sai ta ce, kamar da kanta take magana, ƙofar nan ta baya ta daɗe tana kuka, amma ta san gyaranta ya fi ƙarfin mai gilashi.

Ya miƙe. Ya gyara ƙofar. Daga nan ya lura kantar burodi ta karkace, ya daidaita ta. Fanka tana kaɗa kai kamar mai musu, ya hau ya ɗaure ta. Famfo yana ɗiga, taga ba ta rufuwa, ƙafar teburin murji tana ɗingishi. Duk wanda ya gama, sai ta yi ajiyar zuciya ta kalli wani wuri, shi kuma ya bi idonta da sukundireba.

Sai da rana ta karkata ta ce, "Af, Yaya, ba ka duba aikinka ba?"

Ya ma manta. Ya yaye ledar, ya sa makankarin roba, gam ɗin ya biyo shi laƙwas kamar ɓawon ayaba. Ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya bari ya bushe sarai, ya zuba sabon gam ya lallaɓe shi. Gilashi ko ƙwarzane babu. Kansa kuma garau, ba tari, ba jiri.

"Ba laifi," ya ce, yana cire safa. "Amma hannun gwani ne ya taimake shi."

"Sosai ma. Hannun da aka ɗaure."

Da aka zo lissafin wa ya ci, wa ya faɗi, Reza ya ce shi ne ya ci: wuƙarsa tana aljihunsa, burodinsa yana zuwa da zafinsa. Mai Burodi ba ta yi musu ba, tunda ta samu gilashinta lafiya, ga ƙofa, ga fanka, ga famfo, duk a kan burodin da dā ma kyauta take aika wa gidan yayarta. Yayar kuma ta samu mijin da yake bambance ta da firji. Wanda ya yi asara shi ne mai sayar da tina na bakin titi, wanda har yau in Reza ya wuce sai ya bi shi da kallo. Sai kuma ita wuƙar, wadda yanzu yawancin aikinta yanka burodi ne.