Koren da Aka Shafa wa Makabarta

Aikinta a kamfanin taswira shi ne launi. Wasu ke auno tituna, ita kuma ta zaɓi yadda za su fito a allon waya: babban titi ruwan ɗorawa, kogi shuɗi, gidaje ruwan toka. Shekara shida tana yi ba wanda ya taɓa ɗaga mata murya.

Sai aka kawo sabon manaja, irin mutanen nan da ba su san kan aiki ba amma bakinsu ya fi na kowa. Ya leƙa allonta ya ce launuka sun yi yawa, taswira ta koma atamfa. Duk filin da babu gini a shafa masa kore iri ɗaya, a goge ƙananan sunaye. Ta yi gardama kwana biyu, ta gaji, ta danna. Lambun shaƙatawa da filin ƙwallo da makabarta suka zama abu guda.

Bayan sati uku babanta ya kira ta da hantsi. Ya je ziyarar kabarin mahaifiyarta, ya tarar da mota biyu a bakin makabartar, baƙi sun sauke tabarmi da kuloli har da ƙwallo. Da ya yi musu magana suka miƙo masa waya, ga wurin kore shar.

"Ba ke ce mai shafa wa abin nan launi ba?" in ji shi. Bai jira amsa ba ya kashe.

Ranta ya yi baƙi ƙirin, haushin kanta ma ya fi yawa. Ta faɗa ofishin manaja ko sallama babu.

"Yallaɓai, yau zan mayar wa makabarta launinta da sunanta."

"Ba za ki taɓa ba. Masu otal da ke amfani da taswirarmu sun yaba tsarin nan. Wa aka cuta? Na cikin ai ba sa duba waya."

"Uwata na ciki."

"Allah ya ji ƙanta," ya ce, idonsa na kan kwamfuta. "Amma kina taɓawa, ki ajiye min katin aikinki."

Ta koma kujerarta, ta ware makabartu daga lambuna, ta ba su launin ƙasa, ta dawo da sunayensu, ta tura. Ta dire masa katin a tebur ta fice.

Tana bakin titi tana jiran mota, tana shirin kiran babanta, saƙo ya shigo daga abokin aikinta na kujerar kusa: "Manaja ya sa ni na mayar da koren. Ki yi haƙuri, 'ya'yana huɗu."