Ruwan Alwalar Tsoho

Tun safe tukunyar ɗumama gida take ƙara kamar ana dukanta da guduma daga ciki. Belkasem ya tsaya gabanta a kicin yana kallon allurar zafi tana hawa har ta shiga ja, sai wutar gas ɗin ta mutu da kanta. Ya kunna, ta sake mutuwa. Ƙarafan ɗumama ɗakuna sanyi ƙalau, ga ƙanƙara ta rufe duwatsun Batna.

Bayan la'asar za a sallamo mahaifinsa daga asibiti. Ciwon huhu ne, kuma likita bai ɓoye ba: in tsoho ya kwana cikin sanyi, to su kuka da kansu.

Tayeb mai gyaran famfo, abokinsa tun na ƙuruciya, ya iso yana hura hannu. Ya kwance bututu ɗaya, baƙin ruwa mai kauri ya zubo a bokiti.

"Kai Belkasem, kwata kake kiwo a gidanka?"

"Bar wasa, don Allah. Za ta tashi?"

Tayeb ya zura waya cikin bututun, ya karto wani farin abu mai tauri.

"Ka ga ƙanzo. Ruwan garin nan ai rabinsa farar ƙasa ne. Ya toshe hanya, ruwa ba ya zagawa, sai ya tsaya wuri ɗaya yana tafasa. Amma wannan ya yi yawa. Sau nawa kake ƙara mata ruwa?"

"Kusan kullum."

"Kullum? Ruwan ciki ba a taɓa shi, shi ne dai yake zagawa shekara da shekaru. Wa ke sha?"

Hadda, matar Belkasem, ta leƙo daga ƙofa. "Baba ne. Akwai ɗan famfo jikin ƙarfen ɗakinsa. Nan yake tarar ruwan ɗumi na alwala, ya ce banɗaki ya yi masa nisa."

"Shi ne ba ki taɓa faɗa ba?"

"In kai ƙarar surukina? Kai me ya hana ka shiga ɗakin ka gani?"

Tayeb ya haɗa injin wanke bututu, ya zuba maganin da ke narkar da ƙanzo. Kumfa ta yi ta fita, fara sannan ruwan ƙasa. Belkasem ya kasa zama. Ƙanwarsa Yamina ta bugo daga asibiti ta ce an sa hannu a takardar sallama, tsoho har ya sa hula.

Da azahar suka cika tukunyar, suka kunna. Babu ƙara. Belkasem ya ruga ɗakin tsoho, ya dafa ƙarfen, ya ji ɗumi ya fara hawa. Yana dawowa ya tarar da Tayeb a durƙushe, ruwa na ɗiga daga cikin tukunyar.

"Ƙarfen cikin tukunyar ya huje tuntuni, ƙanzon ne ya toshe ramin," in ji Tayeb. "Sai an kawo sabo daga garin Satif. Jibi, in hanya ta buɗe."

"Liƙe shi mana!"

"In liƙe wurin da wuta ke ci? Ba da hannuna ba."

Jiya-jiya Belkasem ya gaya wa Yamina a gaban mijinta cewa muddin yana raye, ubansu ba zai kwana gidan suruki ba. Ya ɗauki waya, ya daɗe yana riƙe da ita kafin ya danna.

"Yamina, gidanku da ɗumi? To ki gyara masa gado. Ba ni mijinki in roƙe shi da kaina."