Tanti Rasmata Tana Ofis

Wata uku ke nan da Tanti Rasmata Ilbudo, editar jaridar, ta sulale daga Wagadugu, bayan wasu mutane sun je gidanta sau biyu suna cigiyarta. A ofis kowa ya ɗauka ta ƙetare iyaka. Wendyam Nikiema, mai kula da kwamfutocin jaridar, shi kaɗai ya san tana nan garin Kudugu, a ɗakin baya na gidan gwaggonta.

Daga can take aiki, sai dai tsohuwar na'urar buga shafi ta ofis taurin kai gare ta kamar jaki, ba ta karɓar aiki sai daga kwamfutar da ke cikin ofis ɗin. Mako guda Wendyam ya yi yana fama da VPN, manhajar haɗa kwamfutoci daga nesa, har ya ɗinke layin Kudugu da na ofis, kwamfutar Tanti ta fito a jerin na ofis tamkar tana kan teburinta. Da mai hankali ne, da ya bar ta da wata lamba wadda ba mai kula ta. Amma gogan naka mai son a yaba aikinsa ne, sai ya rubuta mata suna ɓaro-ɓaro, RASMATA, har yana kiran mutane su zo su gani.

Ranar Talata da hantsi yana cin shinkafa da wake a teburinsa, mutum uku suka shigo cikin kayan gida. Biyu suka tokare ƙofa. Na ukun, wani siriri mai tabarau, ya ja kujera kusa da shi ya buɗe jerin kwamfutoci ba tare da ya tambayi kowa ba.

"Ci abincinka, ƙane," in ji shi. "Ashe Tanti tana ofis. Wane ɗaki?"

"Tsohon suna ne ya maƙale, yallaɓai."

Bai rufe baki ba na'urar ta yi gurnani ta turo takarda. Shafin farko ne na jaridar gobe, da sunan Tanti a ƙarƙashin sharhi. Mai tabarau ya karanta shi tsaf, har yana gyaɗa kai.

"Tsohon suna ya iya rubutu. Kada ka wahalar da ni, ni ma aikin nan na karanta. Kuma ka yi ƙoƙari, ba kowa zai iya haɗa wannan ba. Nuna mini lambar da take shigowa da ita."

Igiyar wayar da ke riƙe da layin tana nan gefen ƙafar Wendyam, fizga ɗaya ta isa ta katse komai. Ya dube ta. Mutumin ma ya dube ta.

"Har yanzu madam ce ke kai 'yarku makarantar bayan kasuwa a babur? Hanyar nan ba ta da kyau."

Tsoro ya kama Wendyam irin wanda bai taɓa ji ba. Ya buɗe masa lambar. Mutumin ya kwafi lambar, ya buga waya, ya jira. Can ya juya wajen na bakin ƙofa ya ce, "Kudugu." Su biyun suka fita, aka ji tashin mota. Daga nan zuwa Kudugu ba ya wuce tafiyar awa biyu.

Sai ga saƙon Tanti a allon Wendyam: "Ɗana, shafin ya fito? Ina so in leƙa gona da gwaggo."

"Amsa mata mana," in ji mai tabarau, "ba kyau a bar babba yana jira. Shafi nawa suka rage?"

"Bakwai."

"Madalla. Ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka samo mata gyara."

Matar nan ita ta ɗauke shi aiki lokacin da ba wanda ya san shi, ita ta tsaya masa a bikinsa. Wendyam ya ji ya tsani hannuwansa, amma ya ɗora su ya rubuta: "Ya fito, Tanti, sai dai akwai gyara da yawa. Kada ki yi nisa."

Amsa ba ta jima ba.

"To, gona ta jira. Ina nan, ɗana, sai ka sallame ni."